Sandra Schmirler, Mai Jefa Dutsen Ƙarshe

'Yan uwa ɗalibai, a wannan fitowar zan kai ku inda ƙafar yawancinmu ba ta taɓa takawa ba, wato kan ƙanƙara. Na san da an ambaci wasanni hankalinmu kan ƙwallon ƙafa yake tafiya, sai musun wa ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo ya tashi a ɗakin kwana har dare ya raba. To yau a ɗan ajiye wannan. Matar da zan ba ku tarihinta sunanta Sandra Schmirler, 'yar ƙasar Kanada. Ta rasu a shekarar 2000 tana da shekara 36 kacal, bayan ta ci gasar duniya sau uku, ta kuma ɗauki lambar zinare ta Olamfik.

Ba yawan kofunan ne ya sa na zaɓe ta ba, don masu kofuna suna da yawa. Abin da ya ja hankalina shi ne, tun daga 1990 da ta zama jagorar ƙungiya har zuwa ranar da ta hau dandamalin karɓar zinare a 1998, mata ukun da ta fara da su, da su ta ƙare. Duk wanda ya taɓa shiga aikin rukuni a ajinsu, aka haɗa shi da mutum uku na zango ɗaya tak, ya san riƙe mutum huɗu wuri guda na shekara takwas ba wasa ba ne.

Wane irin wasa ne wannan?

Masu wasan suna kiransa curling, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa wasan tura dutse. Asalinsa daga Sikotilan ne, inda tun ƙarni na 16 mutane ke tura duwatsu a kan tafkunan da sanyi ya daskarar. 'Yan Sikotilan da suka yi ƙaura zuwa Kanada su suka tafi da shi, ya kuwa sami gindin zama har ya fi ƙarfi a can a kan inda aka haife shi. Ko Najeriya ma ta shiga hukumar wasan ta duniya a 2018, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi hakan.

Filin wasan doguwar shimfiɗar ƙanƙara ce, tsawonta wajen mita 45, faɗinta bai wuce mita biyar ba. A kowane ƙarshe an zana da'irori, wata cikin wata, babbar tana da faɗin mita uku da rabi da ɗan ɗori. Wannan zanen shi ake ce wa gida, tsakiyarsa kuma mu ce mata cibiya. Dutsen da ake turawa zagayayye ne, an goge shi sumul an saka masa mariƙi a sama, nauyinsa ya kusa kilo 20. Ka ƙaddara jarkar ruwa mai lita ashirin cike, ita za ka tura ta zame mita talatin da wani abu, ta tsaya daidai inda kake so. Yawancin duwatsun da ake manyan gasa da su daga wani ɗan tsibiri na Sikotilan mai suna Ailsa Craig ake fasa su.

Kowace ƙungiya mutum huɗu ce, kowa yana tura dutse biyu, ana yi ana karɓa-karɓa da abokan hamayya. In duwatsu 16 sun ƙare an gama zagaye ɗaya ke nan, sai a duba dutsen wa ya fi kusa da cibiya. Ƙungiyar da take da shi ita kaɗai ke samun maki a wannan zagayen, maki ɗaya a kan kowane dutsenta da ya fi dutsen abokan hamayya mafi kyau kusanci da cibiya. Zagaye goma ake yi, in an tashi kunnen doki a ƙara ɗaya.

Ga inda abin yake da daɗi. Mai turawa yakan ɗan murza mariƙin lokacin sakin dutsen, wannan murzawar ke sa dutsen ya riƙa lanƙwasa hanya yana tafiya, har ya iya zagaye wani dutsen ya ɓuya a bayansa. Kafin a fara wasa ana yayyafa wa ƙanƙarar ruwa ya daskare ya yi ƙuraje-ƙuraje, a kansu dutsen ke zamewa. Da an saki dutse sai mutum biyu su bi shi da buroshi mai dogon mariƙi suna goge gabansa da ƙarfi. Na san wanda ya fara gani a talabijin dariya yake yi, wai manyan mutane suna shara da gudu. Amma wannan gugar ke ɗan ɗumama ƙanƙarar ta rage tirjiya, dutsen ya ƙara nisa ya kuma miƙe. Masu shara na iya ceto dutsen da ya taho da rauni, amma wanda ya taho da ƙarfi fiye da kima ba mai iya tsayar da shi.

Jagora tana tsayawa can cikin gida, ita ke karanta fili, ta nuna inda za a nufa, ta riƙa ɗaga murya a share ko a dakata. Duwatsu biyu na ƙarshe kuma a al'ada ita ke tura su. In ya yi kyau sunanta za a buga a jarida, in ya ɓaci ma nata za a buga. Wannan shi ne aikin Sandra.

Daga Biggar zuwa Regina

An haife ta ranar 11 ga Yuni, 1963, a Biggar, wani ƙaramin gari na manoma da ma'aikatan jirgin ƙasa a lardin Saskatchewan. Yanki ne shimfiɗaɗɗe mai gonakin alkama iyakar ganinka, lokacin hunturu kuwa sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. A irin waɗannan garuruwa zauren tura dutse shi ne majalisar gari. Nan ake haɗuwa da daddare, tsoho da yaro, manomi da malamin makaranta, a yi wasa a sha shayi a yi hira.

Ita ce auta cikin 'yan mata uku. Da aka haife ta ƙafarta ɗaya a karkace take, sai da aka ɗaure ta da filasta na ɗan lokaci kafin ta miƙe. Yarinyar da ta fara rayuwa da wannan matsalar ita ce ta taso ba wasan da ba ta shiga, daga iyo har ƙwallon raga. Tura dutse kuwa a darasin motsa jiki na makaranta ta fara shi, tana kusan shekara goma sha biyu. A shekararta ta ƙarshe a sakandare ƙungiyar makarantarsu ta ci gasar makarantun lardin, tana matsayin ta uku, wato mataimakiyar jagora.

Daga nan ta wuce Jami'ar Saskatchewan da ke birnin Saskatoon. Da ilimin kwamfuta ta fara, daga baya ta ga ba nan zuciyarta take ba ta koma sashen ilimin motsa jiki, ta kammala digiri a 1985. Masu tunanin canjin kwas faɗuwa ce, ku dai ji wannan. Da ta gama sai ta koma Regina, babban birnin lardin, ta kama aiki a wata cibiyar wasanni da shaƙatawa ta hukumar birnin. Ku riƙe wannan ma a ranku, don a zamaninta mace ba ta iya rayuwa da tura dutse kaɗai. Duk kofunan da za ku ji nan gaba, mai zuwa ofis da safe ce ta ci su, atisaye sai an tashi aiki, tafiya gasa kuwa daga kwanakin hutunta take cirewa.

Yadda ta haɗa mutanenta

A Kanada a wancan zamanin, kafin ka wakilci ƙasa sai ka ci gasar ƙasa, kafin ka je gasar ƙasa kuma sai ka ci ta lardinku, don ƙungiya ɗaya kowane lardi yake turawa a lokacin. A wuri irin Saskatchewan da kowane gari ke da gwanaye, fita daga gida ma kanta yaƙi ce. Sandra ta fara fita a 1987, tana wasa a ƙarƙashin jagorancin Kathy Fahlman, suka je gasar mata ta ƙasa da ake kira Scott Tournament of Hearts suka zo na huɗu. A waɗannan shekarun ne amincinta ya yi ƙarfi da Jan Betker, wadda suke wasa tare.

A 1990 su biyun suka yanke shawarar kafa tasu ƙungiyar, Sandra ta zama jagora, Jan ta zama ta uku. Suka ɗauko Joan McCusker, malamar makaranta, ta zama ta biyu, sannan Marcia Gudereit ta zama mai buɗe wasa. A lokacin Joan da Marcia da sunayen gidajensu ake kiransu, ba su kuma yi wani suna a ƙasa ba. Kulob ɗinsu shi ne Caledonian da ke Regina.

Ni a ganina nan ne aka ci gasar Olamfik ɗin, shekara takwas kafin a buga ta. Dubi yadda aikin yake. Sandra ta saki dutsen ƙarshe, daga wannan lokacin ya fita daga hannunta. Joan da Marcia ne ke gefensa, su za su auna da ido ko ya taho da nauyin da ya dace, su yanke hukunci cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Jan ce ke can cikin gida tana duba layin da yake bi tana kiran a share ko a bari. Tafiyar dutsen ba ta kai rabin minti ba, amma mutum huɗu ne ke tuƙa shi. In ɗaya tana jin haushin ɗaya, ko wata tana tsoron faɗin abin da ta gani kada a ɗora mata laifi, dutsen zai faɗi gaskiya a gaban kowa. Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, to ga inda maganar ta zauna daram, har da tsintsiyar a hannu.

Waɗanda suka kalle su sun shaida cewa an san matan nan huɗu da raha. Ana tsaka da wasa mai zafi za ka gan su suna dariya, Sandra da manyan tabaraunta tana zolayar kanta in ta yi kuskure. Wasu na ɗauka rashin ɗaukar abu da muhimmanci ne. Sakamakon ya nuna akasin haka.

Kofin duniya uku

A kakarsu ta farko suka ci lardi, suka je gasar ƙasa ta 1991 suka zo na huɗu. A 1992 ko lardin ba su fita ba. Da wata ƙungiyar ce, da nan za a fara neman wadda za a sallama. Su ba su taɓa kowa ba, suka koma atisaye.

A 1993 suka dawo gasar ƙasa, wadda aka yi a Brandon ta lardin Manitoba. A wasan ƙarshe suka haɗu da masu masaukin baƙi ƙarƙashin Maureen Bonar, 'yan kallo duk na can ne, amma suka ci. Rabon matan Saskatchewan da wannan kofin tun 1980. Daga nan suka wuce Janeba ta ƙasar Suwizalan don gasar duniya, suka doke Jamus da ci 5 da 3 a wasan ƙarshe. Wanda zai nemi tarihin waɗannan shekarun zai ga sunan Sandra Peterson, ita ce dai, sunan aurenta na farko ne. Bayan auren ya mutu ta koma sunan gidansu, da ta sake aure a 1996 kuma ba ta canza ba.

Doka ta ba mai riƙe da kofi damar komawa gasar ƙasa kai tsaye da sunan ƙungiyar Kanada, ba sai ta bi ta lardi ba. Haka suka koma a 1994, suka doke Connie Laliberte ta Manitoba a wasan ƙarshe, suka tafi Oberstdorf ta Jamus suka buge Sikotilan, ƙasar da ta haifi wasan. Su ne matan Kanada na farko da suka ci gasar duniya sau biyu a jere.

Sai kuma abin ya ɗan ja baya. A 1995 an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe suka zo na uku, a 1996 kuma ba su fita daga lardi ba. A wannan tsakanin rayuwa ma ta shigo da nata, aure da ciki da goyo. Mutane suka fara cewa zamaninsu ya wuce. Ina! A 1997 suka je Vancouver suka doke Alison Goring ta Ontario suka karɓe kofin ƙasa, sannan a watan Afrilu suka tafi Bern ta Suwizalan suka ci Norwe ta Dordi Nordby da 8 da 4. Kofin duniya na uku ke nan, Sandra kuwa tana ɗauke da cikin wata huɗu lokacin da ta ci shi.

Hanyar Nagano

An taɓa yin tura dutse na maza a gasar Olamfik ta hunturu a 1924, daga baya sai ya zama wasan nuni kawai da ba a ƙirga lambobinsa. A gasar 1998 da birnin Nagano na Japan zai karɓa ne aka mai da shi cikakken wasa, karo na farko kuma da mata za su yi takarar zinare a cikinsa. Kasancewarsu masu riƙe da kofin duniya bai ba su tikiti ba. Kanada ta ce sai an yi gasar tantancewa, manyan ƙungiyoyi goma su kara, ɗaya ta tafi.

Sandra ta haifi 'yarta ta fari a tsakiyar Satumba, 1997. An yi gasar tantancewar a ƙarshen Nuwamba, a Brandon, garin da suka fara cin kofin ƙasa. Ku lissafa, wata biyu da 'yan kwanaki bayan haihuwa ta koma tana durƙusawa a kan ƙanƙara tana tura kilo ashirin, wasa bayan wasa har mako guda, ga jaririya tana jira. Sauran ukun ma kowacce tana da ƙaramin yaro a gida.

Suka kai wasan ƙarshe suka haɗu da Shannon Kleibrink ta Alberta. A zagaye na bakwai wasa ya cakuɗe, dutsen Kleibrink ya kwanta kusa da cibiya, wasu duwatsun sun tare gabansa, ba hanyar da za a bi kai tsaye a taɓa shi. Mai neman tsira zai nemi rage asara ne kawai. Sandra ta hango wata hanyar. Ta auna wani dutse da ke can gefe, ta turo nata da ƙarfi ya doki gefensa, ya karkata ya shigo ciki ya tunkuɗe na Kleibrink. Maki uku a take. In an kuskure kusurwar da faɗin yatsa, da tafiyar Japan ta zama ta wasu. Suka ƙare wasan da 9 da 6, har yau kuma wannan bugun yana cikin waɗanda ake yawan maimaitawa a talabijin ɗin Kanada.

A Japan an yi wasannin tura dutse a garin Karuizawa. Ƙasashe takwas ne a ɓangaren mata. Kanada ta ci wasa shida cikin bakwai na zagayen farko, Norwe kaɗai ta doke ta. A wasan kusa da na ƙarshe suka gamu da Birtaniya ƙarƙashin Kirsty Hay, waɗanda ba wanda ya ba su wata dama, amma suka riƙe wa Kanada wuya har aka tashi kunnen doki aka shiga ƙarin zagaye. Komai ya dawo kan dutse ɗaya. Abin da ake so Sandra ta lallaɓa shi ya shiga gida ya tsaya kusa da cibiya fiye da na Birtaniya. Dutsen ya taho da ɗan nauyi, ya yi ta zamewa kamar zai wuce, ba kuma abin da kowa zai iya yi sai kallo. Sai ya tsaya, da kyar. Kanada 6, Birtaniya 5.

Ranar 15 ga Fabrairu, 1998, suka kara da Denmak ta Helena Blach Lavrsen suka ci 7 da 5. Sandra, Jan, Joan, Marcia, da 'yar canjinsu Atina Ford suka zama mata na farko a tarihi da suka ɗauki zinaren Olamfik a wannan wasa. Don ku san ba abu ne mai sauƙi ba, mazan Kanada a wannan gasar azurfa suka samu bayan Suwizalan ta doke su, matan ƙasar kuwa ba su sake ganin zinare ba sai a 2014. Ita ma Kleibrink ta sami nata rabon a 2006, ta dawo da tagulla.

Kwanaki kaɗan da saukarsu daga jirgi aka buɗe gasar ƙasa ta 1998 a garinsu Regina. Ga gajiya ga bambancin lokaci, amma suka shiga suka zo na uku. Kamfanin dillancin labarai na Canadian Press ya zaɓe su ƙungiyar shekara a duk wasannin ƙasar. Ba wanda ya san wannan ce fitowar Sandra ta ƙarshe a gasar ƙasa.

Ciwo

Shekarar 1999 ta zo mata da nauyi. Mahaifinta ya rasu da ciwon daji, watanni kaɗan bayan haka ta haifi 'yarta ta biyu a ƙarshen Yuni. Tun tana da cikin take fama da ciwon baya, kowa ya ɗauka na ciki ne, in an haihu zai wuce. Aka haihu bai wuce ba. Da aka zurfafa bincike sai aka gano ciwon daji ne a cikin ƙirjinta, ya riga ya yaɗu, likitoci ba su ma iya gano inda ya samo asali ba. Aka yi mata tiyata, aka ɗora ta a kan magunguna masu ƙarfi da gashin haske.

Wannan wurin ina so mu tsaya a kansa kaɗan. Mace ce 'yar wasa, mai ƙarfi, shekararta 36, shekara ɗaya da rabi da cin zinaren duniya. Ciwon bai duba wannan ba. Ciwon da ya ƙi tafiya, ko da akwai dalilin da ake jingina shi da shi, a koma wa likita a sake dubawa.

A watan Fabrairun 2000, da ta ɗan sami sauƙi, ta tafi birnin Moncton ta yi wa tashar CBC sharhi a gasar matasa ta ƙasa. A can ta zauna gaban 'yan jarida ta yi bayanin halin da take ciki ba ɓoye-ɓoye. Ta rame sosai, amma mutane suka ɗauka alamar dawowa ce. Tana komawa gida aka ga ciwon ya ƙara bazuwa. Ta rasu ranar 2 ga Maris, 2000, a wani asibiti a Regina. Babbar 'yarta tana da shekara biyu da rabi, ƙaramar wata takwas.

An nuna jana'izarta kai tsaye a talabijin a duk faɗin Kanada. A Saskatoon ana tsaka da gasar maza ta ƙasa, aka dakatar da wasa, dubban 'yan kallo suka zauna tsit suna kallon jana'izar a babban allo. Wani abin da ya ƙara taɓa mutanen Regina shi ne sun taɓa ganin irin wannan. Marj Mitchell, wadda ta kawo wa Kanada kofin duniya na mata na farko a 1980, ita ma daga Regina ta fito, ita ma ciwon daji ne ya ɗauke ta a 1983. Yau a gasar mata ta ƙasa, kyautar ɗa'a da sunan Marj ake bayarwa, ta gwanar gasa kuma da sunan Sandra.

Abin da ya rage

Lardin Saskatchewan ya ba ta lambar girmamawarsa bayan rasuwarta, an saka sunanta a wata cibiyar wasanni a Regina da wani wurin shaƙatawa a Biggar, an kuma shigar da ita cikin jerin gwarazan wasanni na Kanada. A 2019 tashar TSN ta tambayi masana da tsofaffin 'yan wasa, suka zaɓi ƙungiyarta a matsayin wadda ta fi kowace ƙungiyar mata a tarihin wasan a ƙasar. Lura, ƙungiyar aka zaɓa, su huɗun.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne gidauniyar da aka kafa da sunanta a 2001. Aikinta tara kuɗi a saya wa asibitocin Kanada na'urorin kula da bakwaini da jariran da aka haifa cikin mawuyacin hali. Kowace shekara lokacin gasar mata ta ƙasa ana yin gangamin neman gudummawa a talabijin, 'yan wasa su zauna da kansu suna ɗaga waya. Matar da ba ta samu ta raini nata biyun ba, da sunanta jariran wasu ke samun numfashi.

Mu a nan ba mu da filin ƙanƙara, wataƙila da yawanmu ba za mu taɓa riƙe wannan dutsen ba. Amma kowannenmu yana cikin wata ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar, ko ta furojet, ko ta bita, ko ta shugabancin ɗalibai. Ni abin da na ɗauka daga tarihin Sandra ke nan. Ta zaɓi mutanen da za ta iya zama da su, da suka faɗi a 1992 da 1996 ba ta nemi wadda za ta ɗora wa laifi ba, dutsen ƙarshe kuma ba ta taɓa gudunsa ba in lokacinsa ya zo. Wanda aka ba jagoranci a cikinmu ya tuna da masu sharar da ke gefen dutsensa, wanda kuma shara ce aikinsa ya yi ta da ƙarfi, don lambar zinaren Nagano iri ɗaya aka rataya wa Sandra da Marcia.